Man arnika da na shafa a kan tsagar ƙaho

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba, kuma waɗanda suka aiko saƙo ban amsa ba, ina neman afuwarsu. Jinya na yi. Sai yanzu na ji zan iya bayyana abin da ya faru ba tare da na ƙara ko na rage ba.

Ni malamin gona ne. Ina aiki da manoman albasa a Aliero, amma a Jega nake zaune, a ɗakin haya, ni kaɗai tun bayan rasuwar mai ɗakina.

Wata rana ina dawowa daga wani ƙauye a yankin Maiyama, babur ya zame da ni cikin yashi. Ban karye ba. Gwiwata ta dama ce ta bugu, ta kumbura.

Ranar kasuwa na shiga wani kantin magani. Mai kantin ya miƙo mini wani man shafawa da ake kira arnika, wanda ake haɗawa daga furen wani tsiro, ya ce yana rage ciwon buguwa. Na saya. A gida na jefar da kwalin ban karanta ba.

Ba zan zalunci maganin ba: kumburin ya ragu. Sai dai gwiwar ta ci gaba da sara idan na yi sujada.

Wani dattijo a masallacin unguwarmu ya ce mataccen jini ne, in je a yi mini ƙaho. Na je. Wanzami ya tsattsaga fatar, ya kafa ƙaho, ya zuƙe jini, ya sallame ni.

Da na koma ɗaki sai na yi wani tunani mai kama da hankali. Na ce idan man nan yana aiki ta bayan fata, to ta cikin tsaga zai fi saurin isa inda ciwon yake. Na cusa shi cikin tsagar, safe da yamma.

Da fari raɗaɗi ne, na ɗauka alamar aiki ce. Sai ƙuraje masu ruwa. Sai ƙafar ta kumbura har ƙwauri, zazzaɓi ya rufe ni, wurin ya fara wari.

Ban gaya wa kowa ba. A ofis na ce hutawa nake yi. Na rufe ƙofa.

Maƙwabcina Malam Yohanna, malamin makaranta ne mutumin Zuru, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Shi ya ƙwanƙwasa wata safiya ya ce, "Malam Umaru, takalmanka sun gaji da zama bakin ƙofa. Lafiya?" Na buɗe, ya ga ƙafar. Ya fita ya tsayar da keke napep.

A asibiti aka yanka kati, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙashi. Sakamakon ya nuna ina da ciwon suga, abin da ban taɓa sani ba.

Likita ya ce, "Man nan na fatar da ba ta fashe ba ne. Ba a sa shi a rauni. Ga suga kuma, ba ya barin ciwo ya warke." Sannan ya ce, "Za mu yi ƙoƙari. Amma idan ya kai ƙashi, sai mu yi maganar yankewa."

Na ji tsoro ƙwarai. Duk da haka akwai tambayar da ta fi wannan nauyi. Nas ta tsaya a kaina ta ce, "Wa ke jinyarka?"

Na rasa sunan da zan ambata.

Kowace safiya a wanke ciwon, a kankare ruɓaɓɓen nama, a ɗaura ruwan allura. Kuɗin magani da na gwaji suka ci babur ɗina. Lokacin ziyara ɗakin yakan cika da kwanukan abinci da hayaniyar dangi. Ni sai in juya fuskata bango, in yi kamar barci nake.

Malam Yohanna kan zo bayan an tashi makaranta. Ashe ya ɗauki lambar yayata Hauwa, wadda ke aure a Sarandosa, a wayata ya kira ta.

Ta shigo da tabarma a hammata, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Umaru, mi munka yi maka? Ƙahwa na ruɓewa, kai ka rufe ɗaki kamar ba ka da kowa?" Na ce ban so in ɗora mata nauyi ba ne. Ta ce, "Na goya ka kana jinjiri ban ji nauyi ba, sai yanzu?" Ta shimfiɗa tabarmarta kusa da gadon. Ba ta naɗe ta ba sai ranar sallama.

A hankali naman ya fara fitowa ja. Wata safiya likita ya danna gefen ciwon, ya dube ni ya ce, "Ƙafarka ce, za ka tafi da abarka."

Alhamdulillah. Ina godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya, ga Yaya Hauwa, da Malam Yohanna wanda ya lura da takalma. Allah Ya saka musu da alheri.

Shawarata kaɗan ce. Idan za ku sayi arnika ko wani man shafawa, ku karanta kwalinsa, ku tambayi masani. Kasancewarsa na tsiro ba ya nufin ba shi da ƙa'ida. Kada a sa shi a rauni, ko tsaga, ko inda aka yi ƙaho. Ku gwada suganku ko da kuna jin lafiya. Ciwon da ya ƙi tafiya, a kai shi asibiti. Kuma wanda ke zaune shi kaɗai ya faɗa wa wani tun ciwon yana ƙarami.

Juma'ar da ta wuce na taka zuwa masallaci da ƙafafuna biyu. Ina ɗingishi, amma na yi sujada.