Malam Sammani Mai Balangu

Shekara talatin da ɗaya Malam Sammani ya yi yana gasa balangu a bakin Ƙofar Durbi. Mutum ne kakkaura mai fara'a, kuma ba ya sallamar mai saye sai ya ɗora masa yankan kitse gyara. Shi ma yana yanka yana jefawa baki, har tumbi ya hana shi ganin yatsun ƙafarsa.

Fitsari ne ya fara yi masa gardama. Sai ya tsuguna ya daɗe, abin ya riƙa fitowa ɗis-ɗis. Wata takwas bai gaya wa kowa ba, har matarsa Hure. Ran wata Juma'a, liman na tsakiyar huɗuba, mararsa ta ɗaure tamau. Ya tashi ya keta sahu, mutane na binsa da kallo. Ya shiga bayi, ko ɗigo bai fito ba. Can ƙanensa Haruna ya iske shi jingine da bango, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Yaya, mi ya same ka?"

"Nemo mota," abin da ya iya faɗi ke nan.

A asibiti aka sa masa robar fitsari, aka ɗibi jini, daga baya aka gutsuri 'yar tsoka don gwaji. Kwana goma sha biyu suna jiran sakamako. Duk sanda waya ta yi ƙara, sai Hure ta saki abin da ke hannunta.

Ranar da suka koma, likita ya daɗe yana duba takarda.

"Malam, akwai wani ɗan ƙululu da kowane namiji ke da shi ƙarƙashin mafitsara. Naka ya kamu da ciwon daji."

Hure ta hau salati. Sammani ya riƙe hannun kujera gam.

"Likita, kitsen nan ne ya jawo mani?"

"Ba zan ce shi kaɗai ba, akwai shekaru, akwai gado. Amma kitsen jiki ba kwance kawai yake ba, yana sakin wasu sinadarai cikin jini, kuma masu bincike na zargin suna ƙara wa ciwon nan ƙarfi. Sa'arka ɗaya, hoton da muka ɗauka bai nuna ciwon ya kai ga ƙashi ba."

Awa huɗu aka yi ana masa aikin cire ƙululun, Haruna na kai da komo a baranda, ya kasa zama.

Yanzu Haruna ne a gaban wuta. Sammani ya rame, ya koma zama kan benci, kullum da hantsi kuma yakan taka har unguwar Kambarawa ya dawo don motsa jiki. Duk bayan wata uku ake sake ɗibar jininsa. Na ƙarshe da aka yi, likita ya ce lambar da ke nuna ko ciwon na dawowa ta ɗan motsa, a maimaita bayan mako shida. Sammani bai gaya wa Hure ba tukuna; ya ce sai an gama bikin sunan jikansu.