Kawanyar Dafara a Ƙofar Iya

A ƙauyenmu da ke gefen Daudawa, idan an gama tsinkar auduga sanyi ya fara shigowa, mukan taru a ɗakin kakarmu bayan tuwon dare. Iya muke ce mata. Takan hura wuta da karan dawa a tsakiyar ɗaki, mu jikoki mu kewaye, kowa yana miƙa tafin ƙafa.

A saman ƙofarta akwai wata kawanya mai faɗin faifai, wadda aka kitsa da jijiyar dafara, irin tsiron nan mai hawa itatuwan bakin rafi. Ba ta da wani amfani da muka sani. Amma duk kaka sai Iya ta sauko da ita ta ɗora a cinya. Da gashin kaza take bin saƙo-saƙonta tana fitar da yana da baƙin hayaƙi, ta goge da tsumma mai ɗan laima, sannan ta lakato man kaɗe ta murza har jijiyar ta yi sheƙi.

Wata shekara na ce ta ba ni in kai ta rafi in wanke mata tas.

"Ke, raba ni," in ji Iya. "Dafara in ta sha ruwa yauƙi take, ta saki. Zauna ki ji wadda ta kusa yin irin wautarki. Ga wata nan ta taho, ku tare ta."

Muka ce, "Ta iso mu ji."

Wai an yi wata mace, Tabawa, mijinta bahago ne. Da zai tafi fatauci kudu ya kitsa mata kawanya ya rataye a ƙofa, ya ce da ita zai gane gida. Ya tafi, shiru. Gobara ta ci garin, mutane suka tashi suka koma hayin rafi, Tabawa ta ɗauko kawanyar ta rataye a sabuwar ƙofa. Hayaƙi ya mayar da ita baƙa ƙirin. Maƙwabta suka ce ta jiƙa ta, ko ta yar a kitsa mata sabuwa. Har ta kai ta bakin ruwa, sai ta ga gefen da ya taɓa ruwan ya fara warwarewa. Ta fizge ta, ta shanya a inuwa. Daga ranar sai gashin kaza da man kaɗe.

Nan Iya takan dakata ta gyara wuta, da gangan, sai mun roƙe ta.

Ana nan, wani makaho ya shigo garin da sanda. Ba ya bara. Ƙofa-ƙofa yake bi yana shafa saman kowace, yara na binsa suna dariya. Da ya zo ƙofar Tabawa hannunsa ya faɗa kan kawanyar, ya bi ta da yatsu, ya ji kitson ya karkata hagu. Sai ya ajiye sandarsa ya yi sallama da sunanta.

"Mi ta ce mishi, Iya?"

"Ta ce, shigo mana, tuwo na hucewa." Iya ta yi dariya, ta share ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne. "Ta ƙare nan. Mai jin barci ya ɗauki wutsiyarta ya yi matashi."

Da safe wana ya hau turmi ya mayar da kawanyar bisa ƙusarta, Iya na tsaye tana cewa a ɗan karkata ta nan, a ɗaga can.

Sai da na yi aure na haihu, Iya kuma ta riga mu gidan gaskiya, sannan Innata ta gaya mini. Lokacin yaƙin Turawa aka ɗebi maza aikin haƙar kuza a Jos, har da kakanmu. Waɗansu sun dawo. Shi ba a ga gawa ba, ba a ji saƙo ba. Shi ya kitsa kawanyar, kuma bahago ne.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne mai haƙuri yakan ga abin da yake jira. Yanzu da na binne nawa mutanen, ban ƙara ɗaukarsa haka ba. Iya ba yarinya ba ce, ta san kakanmu ba zai dawo ba. Ba ta taɓa zaunar da mu ta yi mana kuka ba, ba ta kuma yarda mu tashi ba mu san shi ba. Sai ta sa shi cikin tatsuniya, inda take da ikon kawo shi har ƙofa. Shekara bayan shekara muna zaune gabanta, mu ne muke roƙonta ta bar shi ya shigo.