Tozo Biyu a Bashin Masu Ɗinkin Hula

Shekara shida na yi a wata ƙaramar ƙungiyar ba da rance a unguwar Bolori. Aikina in duba takardu in ce a ba wance, a hana wance. Ina ji da kaina a lokacin, don na iya lissafi.

Mata masu ɗinkin hula su ne ciwon kanmu. In ka haɗa abin da suka biya ka raba da yawansu, sai ka ga kamar kowacce rabin bashinta take biya. Da wannan lissafi na hana wata bazawara daga unguwar Wulari kuɗin zare da yadi, alhali marayu uku take riƙe da su da allurar nan.

Ta ce, "Ɗana, ban taɓa cin sisin kowa ba."

Na ce, "Iya, ba ni ba ne, lissafi ne."

Bayan wata biyu, wata rana aka ɗauke wuta, zafi ya hana aiki. Na ɗauki takarda na ja layi daga sifili zuwa cikakken biya, ina ɗiga wa kowace mace ɗigo a kai daidai abin da ta biya. Na zaci za su taru a tsakiya kamar tozon raƙumi. Sai ga tozo biyu: waɗannan sun biya kaf, waɗancan kusan ba su biya komai ba. Tsakiya wayam. Ashe mai biyan rabin nan, wadda saboda ita na hana bazawara, ba a ma haife ta ba.

Na bi gidajen waɗanda suka kasa. Ba macuta ba ne, ido ne ya gaji. Sai ka ga mace ta miƙa hula can nesa tana ƙanƙance ido, aikin mako uku ya kai wata uku, ƙarshe dillali ya ce ɗinkin ya karkace. Masu lafiyar ido kuwa ba sa fashin biya.

Da kunya na nufi Wulari. Na tarar da ita a inuwar dogonyaro tana yi wa wani dillali ɗinkin ƙwadago, babbar 'yarta na gefe tana taya ta, ga shi kuwa lokacin makaranta ne. Na yi mata bayani. Ta ɗauki allura, ta zura zare tashi ɗaya.

Ta ce, "Da ka ce in yi wannan a ofishinku, da yarinyar nan tana aji yanzu."