Yadda na kori zoɓon yayata daga shaguna

Ni ne mai laifi, ba ni da wani uzuri. Shekarun baya, yayata ce ta fara zuba zoɓo a gora tana kai wa masu shago a unguwarmu ta Ƙofar Ƙaura. Kafin a ankara, duk gidan da ka leƙa tukunya na kan wuta. Wannan da citta, waccan da kanumfari, wata har da ɓawon abarba. Kai, kasuwa ta yi daɗi!

Ni ma na faɗa ciki, da haɗin da ita ta koya mani. Na sa wutar sola, na sayi firiza, na buga takarda mai suna na manna a gora. Wallahi ƙasa ba ta ɗaukata. Wani abokina ya laƙaba mani Manaja, ni kuwa ina amsawa har da gyaran hula.

Sai haɗama ta shigo. Na riƙa bin masu shago ina cewa, "Malam, ka san zoɓon matan nan a gorunan tsintuwa ake zuba shi?" Alhali wuri ɗaya muke sayen tsofaffin gorunan mu wanke, takarda ce kawai ta rufa mani asiri. Masu shago suka daina karɓar nasu. Gida bayan gida aka riƙa kife tukunya, har muka rage mu uku. Murna nake, ban ko tambayi su wa suka faɗi ba.

Wata Juma'a na je gaida mahaifiyata, na tarar da yayata tana rabar da zoɓon da aka maido mata kafin ya yi tsami. Mahaifiyata ta ce, "Sannu Manaja, an ci kasuwa. Ka san da wanga zoɓo take ciyar da marayunta?" Yaya ko ɗagowa ba ta yi ba. Na sulale na fita.

Girman kai ya hana ni komawa, sai da wani babban kamfani ya shigo da nasa mai hatimi ya share mu ukun. Har yau in na tuna, abin da ke ci mani rai shi ne sai da na faɗi sannan na ji kunya.

Na zagaya shagunan ɗaya bayan ɗaya na ƙaryata kaina, sannan na je na durƙusa gabanta. Na ce, "Yaya, ni na ɓata maki suna, kuma ƙarya na yi. Na faɗa masu da bakina. Don Allah ki yafe mani."