Gutsuren Ƙuliƙuli a Gidan Hajiya

'Yata ta fari ba ta shiri da gyaɗa. Tana da shekara biyu ta kurɓi kunun gyaɗa, leɓɓanta suka kumbura, numfashinta ya koma fito. Tun daga ranar nake zaune cikin tsoro, don a Unguwar Mu'azu ina za ka guje wa gyaɗa? Tana cikin yaji, tana jikin tsire, da manta ake suyar ƙosai. Na zama jarababbiyar uwa mai shinshina kwanon mutane, har maƙwabta suka daina aiko mana da abincin suna.

Da ta kai shekara shida, likitar da ke duba ta ta ba ni wani labari. Ta ce a ƙasashen waje masu bincike suna gwada ba irin waɗannan yara gyaɗa 'yar mitsitsiya, ana ƙarawa a hankali har jiki ya saba. "Amma madam, a asibiti ake yi, da awo, allurar ceto na kusa. Mu nan ba mu fara ba. Kada ki kuskura ki gwada a gida."

Murna ta hana bakina rufuwa. Ranar Juma'a muka je Nasarawa gaida Hajiya, uwar mijina, na kwashe labarin na faɗa mata. Amma rabinsa kawai na faɗa. Kashedin likita kuwa a asibiti na baro shi.

Hajiya ƙuliƙuli ne sana'arta tun kafin a haifi mijina, kuma ya daɗe yana ci mata rai a ce jikarta ba ta taɓa ɗanɗana na hannunta ba. Ta ce, "To ai mu mun daɗe da sanin wannan. Sai Bature ya faɗa za ku yarda." Ta sa hannu a roba, ta gutsuro kamar ƙwayar wake. "Zo nan, ƙawata."

Ina zaune a tabarma, taku uku ne tsakaninmu. A gidanmu an koya mini uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban manya, balle a gaban suruka. Ko sunan yarinyar ban taɓa kira ba a gidan nan. Yarinyar ta juyo ta dube ni. Ni da nake yi wa mai tsire masifa a bakin titi, sai ga ni na sunkuyar da kai ina gyara gefen mayafi. Na ce a raina, ai kaɗan ne.

Ba a jima da ta ci ba ta fara sosa wuya. Sai tari. Sai fiton nan da na sani. Na ƙwala sunanta da ƙarfin da ya fito da matan gidan daga ɗakunansu, na saɓe ta, na fita ba takalmi. Mai Keke Napep ɗin da na tare ya dube ta sau ɗaya ya ce, "Madam, riƙe ta da kyau." Muka faɗa cunkoso. Ƙirjinta na kan nawa, ina jin kowane jan numfashi yana gajarta, ina kiran sunan Allah ina kiran nata. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A asibiti aka caka mata allura a cinya, aka ɗaura mata iska a hanci. Likita ta tambaya wa ya ba ta. Hajiya ta biyo mu, tana tsaye a bakin ƙofa tana kuka, zanenta a karkace. Na ce ni ce.

Can la'asar kumburin ya faɗa, ta buɗe ido. Na ce, "Ba na hana ki cin gyaɗa ba? Me ya sa kika karɓa?"

Muryarta a dishe ta ce, "Ai na dube ki, Umma. Ba ki ce komai ba."