Goggo Lasifika da Shafin Mai Ludayi

Goggona, yayar babanmu, a tashar mota ta yi aikinta, cikin wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon filin lodi. Ita ce mai sanarwa. Ita ke faɗin motar da ta cika, da wadda ta rage mutum biyu, da wanda ya manta buhunsa a gindin benci. Direbobi suka sa mata suna Lasifika, domin ko an ɗauke wuta ba ta fasa aiki. Takan leƙo da kai ta taga ta yi sanarwar da bakinta, har masu faci a bakin ƙofa sai sun ji. Mu ma a gida haka muke kiranta, amma a bayan idonta.

Abu ɗaya duk dangi suka san ba ta iya ba, shi ne girki, kuma ba ta ɓoyewa. "Ni ko ruwan zafi na ɗora sai ya kama," in ji ta. Mijinta, wanda muke kira Baba Mai Agogo, shi ya riƙe kicin tun farkon aurensu. Mutum ne shiru-shiru mai teburin gyaran agogo a bakin kasuwa. Yakan rufe da wuri, ya biya ya yi cefane, kafin ta dawo ya sauke tukunya. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ba su taɓa neman ra'ayin kowa kan wanda ya kamata ya yi girki a gidansu ba.

Ba a jima da yin ritayarta ba hannun Baba ya fara rawa. Da farko ƙananan kusoshin agogo ne suka gagare shi, ya naɗe teburinsa. Daga baya wuƙa ma ta gagara. Ranar da tukunyar miya ta suɓuce masa ta kife a ƙasa, Goggo ta duƙa tana gogewa, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, ka yi naka. Je ka zauna."

Sayen abincin waje bai yiwu ba, domin likita ya ce a rage masa gishiri da mai. Sai ta ɗauki wayarta ta rubuta tambayar yadda ake dafa wake bai ƙone ba. Tambayar ce ta kai ta shafin wata matashiya da ke rubuta girke-girke a intanet, mai kiran kanta Mai Ludayi. Abin da ya zaunar da Goggo a shafin, yarinyar ba ta cewa "sai ki haɗa kayan miya yadda kika saba." Tana faɗin girman tukunya, da ƙarfin wuta, da abin da za a yi idan ruwa ya ƙone kafin waken ya nuna.

Goggo ba ta iya cin alherin mutum ta yi shiru ba. Duk abin da ta gwada sai ta koma ƙasan rubutun, inda masu karatu ke barin sharhi, ta ba da rahoto. Ranar da ta fara gasa burodi ta ɗora hotonsa ta rubuta: "Ga abin da na samu. Maƙwabcina ya ce in ba shi ya tokare ƙofa." Mai Ludayi ta amsa cewa ruwan da ta jiƙa yis ya yi zafi da yawa. Daga nan wasu da ke ta karatu a ɓoye suka fara fito da nasu ɓarnar. Da hannunta ya faɗa, sai ta koma ita ke tarbar sababbin zuwa, tana nuna musu inda za su fara. A layin ganin likita kuwa, duk wadda ta yi kuskuren zama kusa da ita sai ta karɓi wayarta ta buɗe mata shafin. Ni ma ban tsira ba. Na biyo daga kantin maganin da nake aiki don in gaishe su, ta ce, "Kawo wayar nan, 'yar nan. Kullum taliya, mijinki ya yi haƙuri da ke."

Wata rana wata tsohuwar malamar makaranta, wadda ta daɗe tana sharhi a shafin, ta sa 'yarta ta rubuta mata sallama. Ciwon suga ya cinye mata ido, ba ta iya karatu kuma, ga 'yar tana wuni a wurin aiki. Masu karatu suka yi ta yi mata addu'a. Goggo kuwa lambar wayarta ta nema.

Ina gidan ranar da ta fara naɗar mata girkin shafin da muryarta. Ta jingina wayar cikin wani kofi a kan tagar kicin, ta gyara tsayuwa, ta buɗe maƙogwaro: "Albasa biyu! Albasa biyu! Mai son miyarsa ta yi daɗi ya rage wuta!"

Baba Mai Agogo ya leƙo daga falo. "Uwargida, baiwar Allahn nan ba mota za ta kama ba. Ki bar mata lokacin yanka albasar mana."

Ta harare shi, amma ta goge ta sake. A haka ta gane ba za ta iya karanta girki a zaune ba, sai dai tana yi tana faɗa, don mai sauraro ya riƙa tafiya tare da ita.

Washegari Malama ta kira. "'Yar'uwa, na gode ƙwarai. Amma kin ce in soya albasa har ta yi ja. Ni ina zan ga jan?"

Goggo ta ce Malama ta ba ta kwana biyu. Ta ɗaure idonta da ɗankwali, ta zaunar da Baba a kujera kusa da risho ya zama idonta. Tana juyawa tana tambaya, "Ta yi?" yana cewa, "Saura kaɗan." Ta ƙona albasa mai yawa, ta kuma ƙona yatsa, kafin ta kama abin. Sabon saƙon da ta aika cewa ya yi: "Idan kin ji ƙarar man ta lafa, ƙamshin ya daina hawa ido ya koma zaƙi-zaƙi, to ta yi." Haka ta bi shinkafa da kifi da dankali, duk inda aka ce a duba, ita sai ta nemo yadda za a ji da kunne ko hanci ko bakin cokali.

'Yar Malama ce ta ba da labari a shafin. Mai Ludayi ta kira Goggo da kanta, ta roƙi a riƙa ɗora muryar a ƙarƙashin kowane girki. Goggo ta yarda da sharaɗi ɗaya: ba za ta karanta abin da ba ta dafa da hannunta ba. Sai ga masu sauraro da ba wanda ya yi tsammani. Akwai mai gadin da bai yi boko ba, akwai matan da suka ce hannu cikin ƙullu ba ya taɓa waya. Wani tsohon direba ya rubuta cewa yana jin "rage wuta" ya miƙe tsaye yana laluben makullin mota.

Ana cikin haka shafin ya yi tsit. Da shirun ya yi yawa, mijin Mai Ludayi ya rubuta gajeren bayani: ta haifi bakwaini, tana asibiti tare da jaririn, ba a san ranar dawowarta ba. Mutane suka yi addu'a, sannan suka fara janyewa. Tambayoyi suka taru ba mai amsawa. Masu tallan maganin rage tumbi suka cika wurin sharhi.

"Tashar da babu motsi, awaki ke gadonta," in ji Goggo. Ta kira mijin yarinyar ta gaishe shi da mai jiki, sannan ta ce, "Ɗana, ka tambayar mini ita. In ta yarda, za mu riƙe mata wurin har ta tashi." Amsa ta dawo cewa ta yarda.

Goggo ta raba aiki kamar ranar da fasinja suka yi yawa. Wani mai gidan burodi da ke cikin masu karatu ya ɗauki tambayoyin gashi. Wata ɗaliba aka ba ta ikon share tallace-tallace. Malama, ta bakin 'yarta, ta riƙa amsa wa masu dafa wa marasa lafiya. Ita kuma Goggo duk mako takan zaɓo wani tsohon girkin Mai Ludayi ta sanar, kowa ya dafa ya kawo hoto da labarin yadda ta kaya.

Ba a rasa rigima ba. Wata mata da ta iya girki sosai ta fara ɗora nata a wurin sharhi, ta ce ai taimako ne. Goggo ta kira ta a waya, ba a bainar jama'a ba. "Ƙanwata, hannunki ya fi nawa nesa ba kusa ba. Amma jiran gida aka ba mu, ba gadonsa ba. Buɗe naki shafin, ni zan fara zuwa." Matar ta yi fushi na ɗan lokaci, daga baya ta buɗe, Goggo kuma ta cika alkawari.

A tsakanin nan wani mai babban shafin abinci ya nemo lambarta. Ya yaba muryarta, ya ce su suna da ɗakin naɗar sauti da kayan aiki, ba kofi a kan taga ba, kuma za su kula da ita. Ina zaune ta amsa masa. "Allah ya yi albarka, ɗana. Amma wadda ta koya mini dafa wa mijina abinci tana kwana kan kujerar asibiti. In ta dawo ta tarar na bi wata motar, da wane ido zan kalle ta?" Ta ajiye wayar ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Watanni suka wuce kafin Mai Ludayi ta dawo. Girkinta na farko wata miyar kayan lambu ce da ta ce ana iya yi da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da jariri. A ƙasa ta jero godiya ga duk waɗanda suka riƙe mata shafin. Da yamma ta kira Goggo, ta fara magana kuka ya ci ƙarfinta.

"Share hawayenki, 'yata," in ji Goggo. "Yaya ɗan jikan nawa? To madalla. Yanzu faɗa mini, kin rubuta gishiri cokali ɗaya. Babba ko ƙarami? Kar ki kashe mini tsoho."

Har yau ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, garuruwansu da nisa. Wadda ta zo ita ce Malama. Wata Asabar 'yarta ta riƙo hannunta har ƙofar gidan, ɗaya hannun nata yana rungume da kula. Shinkafa da wake ce da miyar kifi, ta ce ita ta dafa tun daga wankin wake har saukewa, 'yar ba ta taɓa ko cokali ba. Muka baje a tsakar falo. Baba Mai Agogo ya riƙe cokalinsa da hannu biyu yadda yake yi yanzu, ya cinye, ya miƙa faranti a ƙara masa.

"Kun gani ko?" in ji Goggo. "Ni ban taɓa samun ƙari a wurinsa ba."

"Ai naki ba ya saura ne, uwargida," ya ce.

Malama ta yi dariya har da tafa hannu. Sannan ta juya wajen da take jin muryar Goggo ta ce akwai magana: ita fa a ganinta minti goman da ake ba kifin nan ya yi yawa, yana farfashewa. Goggo ta ce sam, sai dai in wutarta ce ta yi ƙarfi. Suna wannan musu na kwashe kwanuka, da na dawo na tarar sun shige kicin su biyu, Goggo tana cewa in miƙo mata ashana.