Auta, Da Ƙodata Aka Binne Ka

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanena, autanmu, kafinta, a asibitin da aka yi masa dashen ƙoda shekarun baya. Ƙodar tawa ce. Ba gori nake yi ba. Na faɗa ne don mai karatu ya san abin da ya hana wannan ta'aziyya laushin da aka saba.

Auta, ba zan tauye maka alheri ko ɗaya ba. Lokacin da kake zuwa wankin ƙoda, ka ga tsofaffi suna jira a tsaye a baranda, sai ka koma shago da ƙafafunka kumburarru ka ƙera musu benci, ka goge shi sumul don kada ya ja wa wani riga. Kai ka yi mini kantar littattafai, ka ƙi karɓar ko godiya, wai nauyinsu ne ya karya tsohuwar, kamar yadda ya karya mini hali. Bayan dashe kuwa, duk wanda ya ce ka yi kyau sai ka ce, "Kyau dai na yi, amma tunda aka sa mini ƙodar Yaya nake jin masifa na taso mini." Mu yi ta dariya.

Likita ya yi mana bayani tare, ina zaune kusa da kai. Maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙoda, shi ne kuma yake kwantar da garkuwar jiki. Idan garkuwa ta kwanta, ƙwayoyin cutar da suka daɗe suna barci a jikin mutum sai su farka. Ba sa sallama, kuma da farko ba zazzaɓi, ba ciwo. A jini kawai ake ganinsu, shi ya sa gwaji ya zama dole a kai a kai. Ka gyaɗa kai. Na ga ka gyaɗa kai, Auta.

Duk ranar gwaji ni nake sauke ka a ƙofar asibiti kafin in wuce aiki. In na tambaya da yamma sai ka ce, "Lafiya lau, Yaya, jinina ya fi naki kyau."

Sai da tari ya kayar da kai, numfashi ya gagara, aka kwantar da kai, sannan nas ɗin da ke ɗibar jini ta tare ni a baranda. Ta ce, "Baiwar Allah, ai mun daɗe rabonmu da hannunsa. Kullum muna hango shi a kan bencin nan yana ba masu wanki dariya. In na kira shi sai ya ce yau ziyara ya zo."

Matarka ce ta ƙarasa mini sauran, tana kuka. A gwajinka na ƙarshe an ga ƙwayar cutar ta fara yawa. Likita ya ce za a rage maka maganin hana ƙi, a ba garkuwa dama ta tashi, a haɗa da maganin cutar, a ci gaba da bibiya. Kai kuwa "ragewa" kaɗai ka ji. Ka dawo gida ka ce ba za ka yi caca da amanar Yaya ba. Ka ci gaba da sayen maganinka a kanti kana sha cif, ka daina miƙa hannu a ɗibi jini, ka kuma sa ta rantse ba za ta gaya mini ba.

Amanata! Wa ya ce maka tsoka na ba ka ajiya? Da ina son ta zauna lafiya, ai da na bar ta inda take. Kai na so ka zauna. Ka tsare ƙoda kamar mai gadi, ka bar mai gidan yana ci da wuta. Kuma ka zaɓi ni, ni da na fi kowa haƙƙin sani, ka mayar da ni direbar ƙaryarka. Da ka faɗa mini, da na yi maka masifar da ka saba, na ja ka da kunne har gaban nas, da yanzu kana shago kana jin haushina.

Masu zuwa gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare. Na yi imani da haka. Amma ƙarewar kwana ba ta mayar da ƙarya gaskiya.

Ku da kuka gaji bencinsa, musamman waɗanda aka yi wa dashe: ƙiba da hasken fata ba sakamakon gwaji ba ne. Ku tashi ku miƙa hannu. In likita ya faɗi abin da ya tsorata ku, ku tambaye shi har ku gane, kada ku gudu.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, wadda har yau take zuba abinci da kasonka, haka kuma ga 'ya'yanka, da abokan sana'arka. Ga matarka kuma: ƙanwata, rantsuwar ta fi ƙarfinki, ki zo gida, ƙofata a buɗe take.

Ana ta ce mini in yafe maka. Ƙodar kyauta ce, babu abin yafewa a kanta. Ƙaryar ce ban gama da ita ba tukuna. Ya Allah, Ka jiƙan Auta, Ka yalwata kabarin da muke kwance ciki ni da shi, Ka sa bencin nan a mizaninsa. Ka gafarta masa tun yanzu, ya Ubangiji. Kada Ka jira sai na huce.